Buhu Ɗaya da Rabi

Mu mutanen Kwaciri ba ma zuwa filin jirgi mu zauna jira. Wannan aikin baƙi ne da mutanen nesa. Filin yana nan jikinmu, jirgi in zai sauka sai ya bi ta kan gidajenmu, kwanon rufi ya yi ta karkarwa. Kuma kowa ya sani, jirgin da zai kai ka Legas sai ya fara tasowa daga Legas ɗin. To mene ne na zuwa ka dasa kanka a kujerar ƙarfe tun safe, ana yi maka ƙarya a lasifika? Ka zauna a unguwarku, jakarka a gefe. In ka ji ya sauko, ka ɗaga kai ka duba launin jelarsa, ka tare adaidaita sahu. Kafin na ciki su gama fitowa ka iso. Haka muke yi shekara da shekaru, kuma abin bai taɓa cin kowa ba. Sai a kan Alhaji Hambali.

Hambali maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Babarbare ne a suna, amma ko ubansa a Fagge aka yanke masa cibiya. Dilan sabulu ne a kasuwar Singa. Kafin ya zama Alhaji turin baro ya yi a kasuwar, kuma ba ya ɓoyewa. Sai dai lokacin da nake ba da labari ya haura hamsin, ya ajiye tumbi, benen shagonsa ma sai ya huta a tsakiya yake ƙarasawa.

Amininsa a duniya Ugochukwu ne, mai sayar da kayan janareto a kasuwar Sabon Gari. Ugo muke ce masa. A Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Sun san juna tun Hambali yana tura wa uban Ugo kaya daga tasha zuwa shago. Shi Ugo Allah ya jarabce shi da gudu. Kullum da sassafe zai taso daga Sabon Gari, ya biyo titin filin jirgi, ya zo ya ci birki a teburin Sadisu mai shayi, daidai lokacin da muka zauna bayan asuba. Gumi na zuba, yana haki.

Hambali zai kurɓi shayi ya ce, "Ugo, yau kuma wa ya biyo ka?"

"Tumbinka nake gudu, kar ya fashe a kaina."

"Ƙato da kai, da jikoki a hanya, kana yawo da gajeren wando."

"Taso mu zaga ko sau ɗaya, Babarbare. Wallahi sai ka ji daɗin jikinka."

"Ranar da ka gan ni ina gudu, kai ma ka ruga, don ba lafiya ba."

Kusan shekara ashirin suna wannan, magana ɗaya, ba su gaji ba, mu ma ba mu gaji da dariya ba.

Sai ga shi mai gudun ne ya faɗi, mai tumbin yana tsaye. Wata rana da hantsi Ugo ya miƙa hannu zai ɗauko kaya a kan kanta, ya zube. Shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama suka tafi, baki ya karkace. Matarsa ta jima da rasuwa, don haka 'yarsa Chiamaka ta zo ta tafi da shi Legas wurinta. Shagon aka sayar, wani ya zuba wayoyi a ciki. Teburin Sadisu ya yi shiru. Hambali yakan waiga titi da safe, ya dawo da kansa kan kofi.

Bayan shekara guda da wani abu, wata safiya wayarsa ta yi ƙara muna zaune. Ugo ne. Hambali ya buɗe murya don kowa ya ji. Maganar tana fita da kyar, kamar mai tauna tuwo da zafi, amma ana ganewa. Ya ce mijin Chiamaka ya sami aiki a Kanada, ya riga ya tafi, su ma za su bi shi, har da shi Ugo. Ba dawowa. Amma kafin su tafi akwai wani tsere da wata ƙungiyar masu jinyar irin ciwonsa ke shiryawa a Legas. Kilomita goma. Mara lafiya ya zauna a kekensa na guragu, ɗan'uwansa ya tura shi a guje. Wata Asabar za a yi, nan da wata huɗu da ɗoriya, washegari Lahadi su tashi.

"Ina so in ji iska a fuskata sau ɗaya," in ji shi. "Amma Chiamaka ciki gare ta. Sun ce za su ba ni wani yaro ya tura ni. Ni ba na so wanda ban sani ba ya tura ni kamar kaya."

Hambali ya ajiye kofi. "To kai mene ne yanzu in ba kaya ba? Kuma kaya aikina ne. Kayan ubanka nawa na tura?"

"Kai? Da wannan tumbin?"

"Ka ce a rubuta sunana."

"Hambali, gudu fa ake yi."

"Na ce ka ce a rubuta sunana."

Da ya kashe wayar na ce masa, "Alhaji, bakinka ya yanka maka abin da ya fi ƙarfinka. Ka kira shi ka ce wasa kake."

Ya ce, "Maje, sha shayinka."

Washegari ya shiga kasuwar Sabon Gari ya sayo sabon baro da takalmin kambas na gwanjo. Ya sa aka kawo masa shinkafa daga Singa, buhu ɗaya da rabi. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce wanda ya yi dako ba ya bukatar sikeli, da ido yake auna abu, kuma Ugo buhu ɗaya da rabi ne, ba ƙari ba ragi. Ya ɗora su a baro, ya ɗaure da igiya irin ɗaurin 'yan kasuwa. Ya ce ba zai koyi gudu haka kawai ba, tunda ba haka kawai zai yi shi ba.

Ranar farko ko kwanar layinmu bai sha ba. Na same shi zaune a bakin kwata, baron ya kife, yana numfashi kamar tsohon injin markaɗe. Ban yi masa dariya ba, don na ga idonsa. Na taya shi tayar da buhunan.

Dariyar mutanen gari ne suka yi mana ita. Kafin mako ya zagayo labari ya cika Singa cewa Alhaji Hambali ya karye, ya koma turin baro, yana fitowa da duku-duku don kar a gan shi. Wata tsohuwa mai ƙosai ta tsayar da shi ta ce, "Allah ya mayar da alheri, ɗan nan, duniya ce," ta ƙulla masa ƙosai a leda. Wani mutum ya tare shi a kan titi yana tambaya ko in ya sauke wannan zai kai masa gawayi Kurna. 'Yan garuwa kuwa suka mai da shi abokin tsere, in sun hango shi sai su jera kurayensu suna ihu, "Alhaji, ba hanya!"

Matarsa Hajiya Zara ta gaji. Ina jin su ta kan katanga.

"Alhaji, a gidan biki jiya har jaje aka yi mini. Ka je filin wasa mana kamar masu hankali."

"A filin wasa akwai rami? Akwai adaidaita? Titin Legas ba darduma ba ce."

"To shinkafar fa? Rana na dukanta, ruwa na dukanta."

"Kar wanda ya taɓa mini Ugo."

Daga nan sunan ya bi buhunan. In baron ya faɗa rami sai ka ji yana cewa, "Yi haƙuri, Ugo." In hawa ya yi masa tsauri ya ce, "Kai ma ka rage cin akpu mana."

Hanyar Ugo ya ɗauka, amma a juye. Daga Kwaciri ya bi titin filin jirgi ya gangara Sabon Gari, lokacin masu shara na kaɗa tsintsiya, masu burodi na sauke kaya, ranar Lahadi kuma mata sun fito da manyan ɗankwalaye za su coci suna ba shi hanya. Sai ya je har ƙofar kasuwa, wajen layin da shagon Ugo yake a da, ya taɓa ƙofar da hannu, ya juyo. Da fari rabin hanyar tafiya ce. Sannu a hankali ta zama sassarfa. Wajen wata na huɗu na bi shi a babur na gani da idona: ya je ya dawo bai tsaya ba. Tumbin ya zube, har sai da aka rage masa wanduna. Ya zo ya ci birki a teburin Sadisu, daidai inda Ugo yake tsayawa, ya ce, "Maje, faɗa wa mutanen Singa karyayyen ya iso."

Ni ina da kayan roba da zan duba a Legas, don haka na ce mu tafi tare. 'Yarsa Mahbuba, malamar makaranta ce, ita ta saya mana tikiti a waya. Da gangan aka sayi na Alhamis, don ya huta Juma'a, ya ga keken, ya gwada hannunsa. Kamfanin da muka shiga jelar jirginsu kore ce, ko yaro a Kwaciri ya san ta.

Ranar Alhamis muna shiri sai saƙo ya shigo wayar Mahbuba: an ɗaga daga azahar zuwa la'asar. Da la'asar wani ya shigo: an ɗaga zuwa gobe Juma'a, ƙarfe takwas na safe. Ko a jikinmu. Muna zaune a ƙofar gida muna tausaya wa waɗanda suka taso daga Bichi da Wudil suka wuni a kujerar ƙarfe. Hambali har yana cewa, "Allah ya yi mana gata da ya ajiye mu a nan."

Da magariba hadari ya haɗo. Muna cikin masallaci aka tsuge da ruwa, da tsawa, da iska, kwanon masallacin na ƙara har karatun liman ba ma ji, sai dai mu ga ya yi ruku'u mu bi shi. Ba mu fito ba sai da muka haɗa da isha'i.

Juma'a gari ya waye tas. Muka yi asuba, muka ɗauko jakunkuna, muka zauna a teburin Sadisu. Hambali ya sha farar shadda, kambas ɗinsa a cikin leda a kan cinya, ya ƙi yarda a sa su a jaka. Mai adaidaitan da zai kai mu yana gefe yana cin burodi. Kunne kawai muka kasa.

Can sai ga Mahbuba ta leƙo daga soro da waya a hannu. "Abba, ba su turo saƙon ɗagawa ba fa. Har yanzu takwas ɗin ce."

"Za su turo. Barci suke."

"Da dai kun tafi. Ko zaman ne ku yi a can."

"Ke, jirgin da bai sauko ba ta ina zai tashi? Kin ji saukar wani abu tun asuba?"

"Ban ji ba."

"To."

Na ce mata, "Mahbuba, tun ba a haife ki ba muke hawa jirgin nan." Sadisu ya ce ko jiya Alhaji wane sai da ya gama cin ƙwai bayan saukar jirgi, kuma ya samu. Mai adaidaita ya ce shi dai bai taɓa kai ɗan Kwaciri ya rasa jirgi ba. Duk teburin bakinmu ɗaya. Ta koma ciki. Ta sake fitowa, ta tsaya, ta dubi ubanta, ta juya.

Rana ta ɗan ɗago. Sai muka ji ƙara ta taso daga wajen filin.

Sadisu ya ce, "Alhamdulillahi, ga shi nan. Alhaji, a sauka lafiya."

Muka miƙe. Hambali ya rataya jaka. Amma ƙarar ba irin ta sauka ba ce. Ta sauka tana zuwa ne da laushi, kamar abin yana jan numfashi. Wannan ƙaruwa take yi. Muka ɗaga kai. Ya fito ta bayan bishiyoyin darbejiya, hancinsa sama, tayoyi na shigewa ciki, jelar nan kore shar.

 Mai adaidaita ne ya ce a hankali, "Wannan ai tafiya yake."

Duk da haka muka je. Matar da ke kan kanta ta duba sunayenmu ta ce an kira mu har sau uku a lasifika.

Hambali ya ce, "Yaushe ya sauka? Ni a nan nake kwana, a nan nake tashi. Ba abin da ya sauka yau."

"Jiya da magariba ya sauka, Alhaji, cikin ruwan nan. Shi ya sa bai koma ba. A nan ya kwana."

Hambali ya dube ta. Sai kuma ya harzuƙa.

"Yau kuka ga damar cika alkawari? Shekara nawa kuna latti? Mun yi magana? Mun haƙura, mun saba, mun tsara zamanmu a kan lattinku. Sai yau, rana ɗaya tak da nake da bukata, za ku tashi a kan lokaci ba ku gaya wa kowa ba?"

"Mun gaya muku, Alhaji. Takwas muka ce."

"To wa ya taɓa yarda da ku?"

Mutanen da ke bayanmu suka fashe da dariya. Ita ma ta rufe baki. Shi bai yi ba.

Ta ce su ba su da wani jirgin sai gobe da rana, amma wani kamfanin yana da na bayan Juma'a, kuma akwai kujeru. A bakin ƙofa wani direba mai suna Abdulnasir ya ji abin da ake ciki, ya ce in muka tashi yanzu a ƙaramar motarsa, ba tsayawa, zai dire mu Legas kafin gari ya waye. Muka tsaya muka auna. Mutumin da zai yi gudu da safe, a naɗe shi a mota yini da kwana? Ga jirgi a hannu, tafiyar da ba ta fi a sha shayi a tashi ba? Muka sallami Abdulnasir, muka sayi tikitin.

Kujerar ƙarfen nan da muke yi wa mutane dariya, ita muka hau. Muka yi Juma'a a masallacin filin, muka dawo. Lasifika ta ce a yi haƙuri, jirgin zai ɗan makara. Muka yi haƙuri. Ta sake cewa a ƙara haƙuri. Wani mai kwat ya hau faɗa da turanci, wata mata ta shimfiɗa zani ta kwantar da 'ya'yanta a ƙasa. Hambali bai zauna ba, yana jikin gilashi yana kallon sama ta kudu, leda a hannu. Duk wanda ya gifta da rigar ma'aikata sai ya tare shi, kowa amsarsa ɗaya: yana hanya. La'asar ta yi, ta wuce. Rana ta yi ja. Sannan lasifika ta ce an soke tafiyar, saboda wasu dalilai, a zo gobe.

Wasu dalilai. Ko sunan dalilin ba a ga damar gaya mana ba.

Muka nemi Abdulnasir, an ce tun hantsi ya sami fasinjan Kaduna. Muka ruga tashar manyan bas ta Sabon Gari, muka sami ta ƙarshe tana shirin fita, kujerun baya, kan taya. Ba zan ba da labarin hanyar nan ba. Wanda ya sani ya sani. Abin da zan ce kawai, gari ya waye mana ko Ibadan ba mu kai ba, kuma ƙafafun Hambali sun kumbura sun yi kamar turmi.

A nan Chiamaka ta kira. Ita ma 'yar Sabon Gari ce, Hausarta ba gargada.

"Baba Hambali, kuna ina? An fara jera su."

Ya gaya mata. 

Ta ce, "An kawo masa wani saurayi zai tura shi. Ya ƙi. Ya riƙe taya da hannunsa mai lafiya, an yi an yi ya ƙi saki. Ya ce direbansa na hanya."

"Ba ni shi."

Muka ji hayaniya, da kiɗa, da wani yana magana a lasifika.

"Ugo, kar ka yi mini taurin kai. Ka bari yaron ya tura ka. Iskar ai ɗaya ce."

"Ba ɗaya ba ce."

"Ba zan iso ba, Ugo. Ka ji? Ba zan iso ba."

"Ina nan."

Sai muka ji an busa usur, ihu ya tashi, ƙarar ta yi ta nisa, ta yi ta nisa, har wurin ya yi tsit. Ugo bai kashe wayar ba, Hambali ma bai kashe ba. Ya kifa goshinsa a bayan kujerar gabansa. Ni kuma na juya ina kallon daji ta taga, don akwai abin da bai kamata namiji ya ga ɗan'uwansa yana yi ba.

Bayan azahar muka isa wurin. An buɗe titin tuntuni, motoci sun cika shi maƙil, ba ka ce an yi wani tsere a nan ba sai robobin ruwa da aka zubar. A filin ajiye motoci ma'aikata na kwance rumfuna suna lodawa. Rumfa ɗaya ta rage, ita ma don Chiamaka ta roƙe su ne. A ƙarƙashinta ga keken, ga Ugo, an maƙala masa lamba a ƙirji, an sa masa gajeren wandon nan nasa.

Da ba don wandon ba da sai na tambaya. Wuyansa ya zama kamar na kaza, gwiwoyi sun fito, rigar kamar an rataye ta a ƙusa.

Ya dubi Hambali sama da ƙasa, bakin ya ƙara karkacewa, dariya yake. "Ina tumbin?"

"Na bar shi a titin filin jirgi."

"Ka fi jirginku latti."

"Rufe mini baki."

Hambali ya zauna a ƙasa da farar shaddarsa da ta koma ruwan ƙasa, ya ciro kambas. Ƙafar ta ƙi shiga. Ya danna, ya danna, ya haƙura ya take bayan takalmin kamar silifa. Ya tuɓe babbar rigar ya miƙa mini. Chiamaka ta ce, "Baba, an tashi fa. Ba hanya." Ya ce filin motocin nan ma hanya ce.

Ya zaga bayan keken, ya kama hannayen, ya sunkuya yadda ya saba, ya tattara ƙarfin da yake tayar da buhu ɗaya da rabi, ya tura.

Keken ya fizge kamar ba kowa a ciki. Saura kaɗan ya kifa da fuska. Ya yi taga-taga ya riƙe, ya tsaya cak. Ya ɗaga hannayen keken ya sauke, ya sake ɗagawa, yadda ɗan dako ke jin nauyin kaya. Sannan ya leƙo ta gefe.

"Ugo. Ina sauranka?"

"Legas ta cinye. Tura mu tafi."

Ya tura. Filin ba wani girma gare shi ba, tsakanin katanga da motar lodin rumfuna. Ya zaga, ya sake zagawa, takalmi na faɗar ƙasa faf-faf, sannan ya saki ƙafa sosai. Ban taɓa ganin ya yi gudu irin wannan ba, don duk watannin nan da kayan da ya fi wannan yake yi. Ugo ya rufe ido, ya ɗaga haɓa. Ma'aikatan suka dakata da aiki suna kallo. Da suka zo giftawa ta gabana na ji Ugo ya ɗaga murya iya ƙarfinsa.

"Hambali! Wa ya biyo ka?"

Hambali ya ƙara sakin ƙafa, suka wuce. 

Ba su daɗe ba. Mai gadi ya zo yana kaɗa makullai ya ce zai rufe ƙofa. Iyakar tseren ke nan. Wata huɗu da ɗoriya na turin shinkafa, a filin ajiye motoci ya ƙare, ba usur, ba mai tafi sai masu kwance rumfa su biyu. Chiamaka ta ce masu shirya abin sun bar musu lambar yabo ta ratayawa ko da ba su yi ba. Ugo ya ce a mayar musu.

Lahadi suka tashi. Nasu jirgin bai yi latti ba.

Da muka dawo, Hambali da kansa ya kwance igiyar, ya ce wa Hajiya Zara ta dafa abin da zai dafu ta rabar. Baron ya ba wani ɗan dako a Singa. Mahbuba ba ta taɓa ce masa "ai na faɗa" ba, kuma ina jin da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Ugo yana kira jefi-jefi, amma lokacinsu da namu ba ya haɗuwa, maganar kuma ta ƙara nauyi, yawanci Chiamaka ce ke fassara abin da ya ce. Ta ce can sanyi ba ya barin a fita da shi.

Mutanen Kwaciri ba su daina abin da suka saba ba. Ko makon jiya wani maƙwabcinmu ya zo ya zauna a teburin Sadisu da jakarsa, yana jiran ya ji sauka. Hambali ya iso daga gudunsa, don har yanzu yana fita kullum, hannu sake, ya je Sabon Gari ya dawo. Ya dubi mutumin, ya dubi jakar. Bai yi masa wa'azi ba. Ya sunkuya ya ɗauke ta, ya tare adaidaita, ya jefa ta ciki, ya tsaya yana riƙe da ƙarfen adaidaitan har sai da mutumin ya ajiye shayinsa ya shiga yana gunaguni.

Sannan ya dawo ya tsaya inda Ugo yake tsayawa, yana haki, gumi na ɗiga daga gemunsa. Sadisu ya miƙa masa ruwa. Duk cikinmu ba wanda ya tambaye shi wa ya biyo shi.